Mota Mai Kujera Biyu

Duk abin da ya dagule wa Malam Jibirin a shekarar nan, ta kan wani tsohon risho ya faro. Da ya san inda zancen zai kai, da shi da kansa zai kai rishon gyara, ko ya bar Lami matarsa ta ci gaba da hura karan dawa. Amma ranar ce aka sako ruwa kan hawasharsa, gonar audugar da hukumar Gezira ta ƙasar Sudan ta ba shi, ba halin ya matsa ko nan da can. Sai ya ce wa autarsa Raliya ta yafa tobinta, wato mayafinta, ta kai wa yaron nan na bayan gari.

Yaron sunansa Abdulmuɗɗalib, amma duk ƙauyen Hillat Garba Muɗallabi ake ce masa. Maraya ne, shi da tsohuwarsa kaɗai a wani gida kusa da injin niƙa, inda yake aikin gyare-gyare, har wasu na kiransa Usta, wato gwanin makaniki. Hanya ɗaya ce daga can zuwa cikin gari, wato gaɓar babbar tur'a, magudanar da ke kai ruwa gonaki. Ruwa a dama, gonakin auduga a hagu, faɗinta bai wuce na lori ɗaya ba.

Raliya ta dawo tana dariya tun daga ƙofar gida.

"Baba, ka san abin da ke cikin rumfar mutumin nan? Mota!"

"Motar wa?"

"Tasa. Wai shi yake ƙera ta. Gangunan mai ya fasa, ya bubbuge su. Ga ta a ƙasa kamar faranti, ba rufi, kujera biyu rak. Ya kafa wani hoto na kalanda jikin ginshiƙi, yana kallo yana bugu. Na ce masa, ya Usta, ina buhun dawa zai zauna? Ya ce ai ba ta dawa ba ce. Na ce to ta mece ce? Ya ce ta tafiya ce. Na ce tafiya ina? Wallahi Baba sai ya tsaya yana kallona da guduma a hannu."

Malam Jibirin ya yi dariya har da buga cinya. Ya ji daɗi ƙwarai da ɗiyarsa ta san shashasha in ta gan shi.

Lami ba ta yi dariya ba. Ita ta lura yarinyar ta sake ba da labarin wajen cin abinci, ta kuma ba maƙwabta washegari, kuma kowane karo sai an ƙara wani abu: yadda ya share mata kujera da hular kansa, yadda yake da ɗan tabo a gira. Ba a daɗe ba rishon ya sake lalacewa. Aka gyara, ya kuma lalacewa.

"Malam," in ji Lami wata safiya, "rishon nan lafiyarsa lau. Ɗiyarka ce ba lafiya."

A ranar Malam Jibirin ya saɓa sandarsa ya bi gaɓar tur'a don ya gani da idonsa.

Abin da ya tarar ya fi yadda aka faɗa muni. Wani dogon kwano ne mai dogon hanci, an shafe shi da jan fenti irin na ƙofar kanti. Tayoyin na wata matacciyar Landroba ne. Fitilun biyu ba su yi kama da juna ba. A gaba kuma, inda inji yake, wani tsohon injin niƙa ne aka ɗaure da ƙusoshi, irin wanda mata suka gaji da zagi kafin a jefar da shi.

Muɗallabi ya durƙusa ya gaishe shi, ya kawo masa ruwa, sannan ya shiga bayani ba a tambaye shi ba. Wai tun yana ƙarami mahaifinsa ya tafi da shi garin Barakat, ya ga wani Bature mufattishi, mai duba gonakin auduga, ya wuce a irinta, iska na kaɗa masa gashi. Tun ranar bai manta ba. Hoton kuwa a wani shagon shayi na birnin Madani ya roƙo shi.

"Hoton gaba da gefe kawai ya nuna," in ji Malam Jibirin. "Bayan fa?"

"Bayan da kaina na yi shi, Baba."

"An gani. Yaya take komawa baya?"

Yaron ya sosa ƙeya. "Ba ta komawa. Injin niƙa gefe ɗaya yake juyawa. Amma ina tunanin dabarar."

"Turawan da kake kwaikwaya ma sun san komawa baya. Sun tattara nasu sun koma garinsu. Kai ka zauna nan kana bugun ganga."

Ya fito bai sha ruwan ba.

Sai dai fa a hanyar komawa ba dariya yake ba. Kujerun nan biyu ne suka tsaya masa a rai. 'Ya'yansa maza biyu duk sun tafi, ɗaya Hartum, ɗaya Bur Sudan, sai Sallah ake ganinsu, wata Sallar ma ba a gani. Jikokinsa da Larabci suke gaishe shi, in ya yi musu Hausa su kalli uwarsu. Shi kansa mahaifinsa da ƙafa ya baro ƙasar Sakkwato da niyyar Makka, ya tsaya nan noman shekara ɗaya, a nan aka binne shi, danginsa na can ba su sake jin labarinsa ba. Malam Jibirin ya san tafiya a jininsu take, ya kuma san wanda ya tafi ba ya dawowa. Raliya ce kaɗai ta rage masa. Mutumin da ya ƙera mota mai kujera biyu kuwa, ai ba shi kaɗai yake nufin tafiya ba.

Duk da haka Muɗallabi ya fara zuwa zance. Bayan la'asar zai zo da wankakkiyar jallabiya, ya zauna ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gida. Malam Jibirin kuma sai igiyar jakinsa ta buƙaci gyara daidai lokacin, a bayan dangar kara, inda ake jin komai.

"Usta, wai hannunka ba ya fita ne? Ko sabulu ya ƙare a garinku?"

"Zai fita. Ranar da za a sa mini lalle zai fita."

"Wa zai ɓata lallensa a kan baƙin mai?"

"Akwai wadda nake fata. Rali, jiya na gama daidaita kujera ta biyu."

"Sai ka ba Iyarka ta zauna."

"Ta ce ko gawarta kada a sa a ciki. Da tsayinki na auna ta."

"Kai! Yaushe ka auna ni?"

"Ranar risho. Kin jingina da ginshiƙi kina yi mini dariya, kanki ya zo daidai ƙusar da na rataye hoton."

"Ashe ba ka ji haushi ba."

"Na ji. Da kika tafi kuma sai rumfar ta yi mini shiru. Na yi ta addu'a rishon ya sake mutuwa."

"Ni na toshe shi da tsinke," in ji ta, murya ƙasa-ƙasa.

A bayan danga Malam Jibirin ya ja igiya har ta tsinke da gaske.

Akwai wanda yake so wa Raliya, kuma kowa ya sani. Mahadi ne, mai lorin da ke ɗaukar auduga zuwa Bur Sudan. Ƙato ne, mai agogo da haƙorin zinariya, yana gina ɗaki na jan bulo a bayan gidan Malam Jibirin. Ba wai halinsa ne ya burge Malam ba. Mahadi in yana magana kamar yana kiran kaya ne a tasha, kuma bai taɓa cire takalmi ya gaida babba ba. Lissafin Malam ɗaya ne: direban lori shi kaɗai yake tafiya, matarsa tana gida. In Raliya ta auri Mahadi, ta kan katanga za a riƙa miƙa mata tuwo.

Raliya kuwa in Mahadi ya zo, ciwon kai ke kama ta.

Da Mahadi ya ga haka, sai ya dawo daga wata tafiya da labari. A gaban mata masu ɗiban ruwa ya faɗa, don ya tabbata ya isa inda ake so. Wai ya ga makanikin nan a kasuwar Madani da wata 'yar Larabawa, suna riƙe da jan yadi, ita gefe shi gefe, suna dariya.

Raliya ta daina fitowa. Muɗallabi ya zo ya zauna ƙarƙashin dalbejiya har aka kira magariba, ya tafi. Ya dawo washegari, haka. Malam Jibirin ya ci tuwonsa da daɗi a kwanakin nan, ko da yake ya lura autarsa ba ta cin nata.

Ran nan, da labarin Mahadi ya iso kunnensa, yaron ya zo da ƙunshi, ya roƙi Lami ta shiga da shi.

"Inna, ki ce mata yadin kujerarta ne. Wadda ta riƙe gefen matar mai kanti ce, tsohuwa da jikokinta. Ki ce mata in ba ta so, in mayar. Ki ce mata kuma tun da ta daina fitowa ban taɓa guduma ba."

Lami ta shiga. Can sai ga Raliya a bakin ƙofa, idanu a kumbure, yadin a hannu.

"Wa ya ce maka ina son ja?"

"Wanne kike so, fitilata?"

"Bar shi. Tunda an riga an yanka."

Ba a yi mako ba kawun Muɗallabi ya zo da dattawa neman aure. Malam Jibirin bai iya cewa a'a kai tsaye ba, don ba wanda zai iya faɗin aibin yaron: yana salla, yana riƙe da tsohuwarsa, ba ya shan komai. Sai ya jira Juma'a, bayan an sallame, jama'a na neman takalmansu, ya ɗaga murya.

"Ku shaida. Ranar da wanga yaro ya tuƙo kwanon nan nasa daga rumfarsa zuwa ƙofar gidana, ba turi, ba ja, injin bai mutu a hanya ba, na ba shi Raliya. In ya mutu a hanya, kada in sake ganin ƙafarsa ƙarƙashin dalbejiyata."

Aka kwashe da dariya. Wani ya ce a tanadi dawa, in motar ta iso a yi niƙa. Muɗallabi dai ya sunkuyar da kai ya ce, "Na yarda, Baba."

Da labari ya kai gida Lami ta dube shi. "Ka sa ɗiyarka a caca a ƙofar masallaci, Malam."

"Abin nan ba zai taɓa tashi ba."

"In ya tashi fa?"

Ya ɗauki sandarsa ya fita.

Abin ya tashi. Lokacin tsintar auduga ne, gonaki sun yi fari fat, ƙasa ta bushe ta tsattsage. Da hantsi Malam Jibirin yana cikin hawasharsa, Lami da Raliya da sauran mata suna tsinta da buhuna ɗaure a ƙugu, sai aka jiyo tuk, tuk, tuk daga bayan gari. Kowa ya san muryar injin niƙa. Abin da ba a saba ba shi ne a ji tana matsowa.

Ga ta nan a kan gaɓar tur'a, ja wur, tana tafe tana girgiza kamar mai zazzaɓi, baƙin hayaƙi na bin ta. Jaki mai ƙoshi zai iya wuce ta. Amma tafiya take, da ƙafarta. Mutanen gari suka fito, masu dariya na yi, masu kabbara na yi. Raliya ta saki buhunta ta dafe baki.

Ta zo daidai tsakiyar hawasharsa, gari na gabanta ana hango dalbejiyar, sai ga lorin Mahadi ya fito daga cikin gari ya hau gaɓar. Ba kaya a bayansa, ba inda za shi. Ya taho a hankali har hancinsa ya kusa taɓa na jar motar, ya tsaya.

Mahadi ya leƙo ta taga, haƙorin zinariya a waje.

"Ya Usta! Ba ka ga babba ba? Ja da baya in wuce."

Duk garin an san ba ta komawa baya. Dattawa suka ce wa Mahadi ya ji tsoron Allah, ai shi ya tarar da yaron a hanya. Ya ce giyarsa ta baya ta ƙi shiga tun jiya, sai dai a kira makaniki. Ya fito da sigari ya kunna.

Muɗallabi yana zaune riƙe da sitiyari, injin na bugawa a ƙarƙashinsa, tururi ya fara fita ta gaba. Dama ruwa ne. Hagu kuwa gangare ne mai sauƙi zuwa cikin audugar Malam Jibirin, wadda a wannan gefen ba a kai ga tsinta ba, tana tsaye har ƙirji. In ya karya sitiyari ya sauka, ya zagaye lorin, zai hau hanya ta can gaba. Kowa ya ga haka.

"Bi ta gona!" samari suka ɗau ihu. "Muɗallabi, bi ta gona! Ai ba a ce ta ina ba!"

Malam Jibirin ya riƙe sandarsa da hannu biyu. A ransa cewa yake, to bismilla, taka. Taka ka nuna wa jama'a ko kai wane ne.

Yaron ya dubi audugar. Ya ɗaga kai ya nemo Raliya cikin mata, suka haɗa ido. Sannan ya miƙa hannu ƙarƙashin sitiyari ya ja wata waya.

Injin ya yi tuk, ya yi tuk, ya yi shiru.

Ana jin ruwa na gudu a tur'a. Raliya ba ta yi kuka ba, zama kawai ta yi a ƙasa tsakanin kunyoyi, ta ja tobinta ta rufe fuska.

Mahadi ne ya fasa shirun. Ya diro daga lori ya nufo Malam Jibirin da hannu a miƙe, da takalmansa, ta kan auduga, yana karya rassa.

"Halas, Baba, shi ke nan! Na yi maka aikinka. Na raba ka da shi."

Da ƙarfi ya faɗa, yadda kowa zai ji. Malam Jibirin ya ga idanun dattawa sun juyo kansa. Ya dubi hannun da aka miƙo masa, ya dubi rassan da suka karye a bayan mutumin.

"Ni na aike ka?"

"A'a, amma ai na san..."

"Fita mini daga gona. Ka bi ta inda ka shigo, kada ka ƙara karya ko ɗaya."

Ya wuce shi ya hau gaɓa. Muɗallabi ya fito daga motar ya durƙusa, fuska duk gumi da baƙin mai.

"Wa ya ce ka kashe ta?"

"Ba wanda ya ce, Baba."

"Ba ka ji ana ce maka ka bi ta gona ba?"

"Gonarka ce. Ba a tsince ta ba. Kuma ba kai ka ce ba."

"Ka san abin da ka rasa?"

Yaron ya gyaɗa kai kawai.

Malam Jibirin ya dubi motar. Kusa-kusa ma ta fi muni: fentin ya fara ɓarewa, ana ganin rubutun kamfanin mai a jikin ƙofa. Ya waiwaya ya dubi ɗiyarsa da ke zaune a ƙasa.

"Tayar da ita."

"Baba, sharaɗin ya riga ya..."

"Ni na sa sharaɗin ko kai? Na ce tayar da wannan tarkacen."

Sai da Muɗallabi ya juya hannun injin har jallabiyarsa ta jiƙe kafin ya kama. Malam Jibirin ya gangara cikin audugarsa, ya ɗaga sanda.

"Biyo ni. Inda na taka nan za ka taka. In ka kauce ko taki ɗaya, na fasa."

Haka suka ratsa, tsoho a gaba yana tafe yana tsaki, jar mota a baya tana tuk, tuk, rassa na karyewa ƙarƙashinta, kowace karaya Malam na jin ta a haƙarƙarinsa. Suka zagaye lorin suka hau hanya. Auduga ta maƙale a fitilu, a tayoyi, a gashin Muɗallabi. Mata suka ɗau guɗa. Lami ce ta fara.

A ƙofar gida, ƙarƙashin dalbejiya, injin ya mutu da kansa.

Bayan an gama tsinta aka ɗaura aure. An sa wa ango lalle, hannun ya kama, ko da yake baƙin mai bai bar ƙarƙashin farce ba. Da aka zo kai amarya gwaggonni suka ce ba a taɓa kai yarinya ɗakin miji ba babba a gefenta, motar kuwa ba wurin babba. Aka yi ta gardama, daga ƙarshe amarya ta shiga kujerarta mai jan yadi, gwaggonni suka bi a ƙafa, ba su ko yi haki ba.

Kafin su tashi Malam Jibirin ya zo ya dafa ƙofar motar. Ya yi niyyar doguwar nasiha, duk ta gudu.

"Allah ya ba ku zaman lafiya. Allah ya ba ku zuri'a mai albarka, masu jin Hausa. Kai kuma, amana ce."

"Na karɓa, Baba."

Raliya ta kamo hannun mahaifinta ta cikin mayafi ta riƙe, har sai da motar ta fara tafiya ta saki.

"Usta," aka ji ta ce, "a hankali."

"Fitilata, ai ba ta da wani gudun da ya fi wannan."

Suna nan a gidan kusa da injin niƙa, kuma kowace Juma'a suna zuwa cin abinci. Sai dai labarin motar ya kai Madani. Wani mai garejin gyaran motoci ya zo da kansa ya duba ta, ya yi dariya har ya share hawaye, sannan ya ce wa Muɗallabi akwai aiki da ɗaki in yana so. Muɗallabi ya ce zai yi shawara da iyalinsa. Raliya ba ta ce wa uwarta komai ba, Malam Jibirin kuma bai tambaya ba. Har yau bai sani ba ko za su zauna ko za su tafi.